Yaya, ga labarin tafiyarmu Roma

Yaya, ina gaisuwa, da fatan su Inna lafiya. Kin ce kina son labari, to mun dawo Jamus ranar Asabar, ƙafafuna har yanzu ba su yafe mini ba.

Kin san a nan Kolon babbar majami'ar tana maƙale da tashar jirgin ƙasa, kina fitowa za ki gan ta. A 1248 aka aza harsashinta, sai 1880 aka gama. Mun taɓa hawa hasumiyarta, matakala 533, babu lif, ka biya kuɗinka ka hau da ƙafarka. Haka Bajamushe yake: farashi a rubuce, lokaci a rubuce, banɗakin tasha ma sai ka jefa kuɗi ƙofa ta buɗe. Da wannan tunanin na shiga Roma, Baban Ummi har ya ware kuɗin tikiti daban.

Ashe majami'ar Waliyyi Bitrus da ke Vatikan, duk girmanta, shiga kyauta ne. Abin da za ki biya shi ne haƙuri. Mun yi kusan awa biyu a layin bincike cikin rana, keken jariri kuma dole a ajiye shi a ɗakin ajiya, sai goyo. Sannan ba a shiga da kafaɗa ko gwiwa a waje. Ɗanki Sadik ya dage sai gajeren wando, mai gadi ya kalle shi ya girgiza kai. Masu tallan gyale sun san da haka, suna nan tsaye a kan hanya suna jiran irinmu. Wani ɗan ƙyalle da ba zai jure wanki biyu ba, Yuro 5. Muka ɗaura masa kamar zani, ya wuni yana kumburi.

Ciki kam babu magana. Daga dama akwai sassaƙen Maryamu riƙe da Yesu, aikin shahararren mai sassaƙa Maikelanjelo, yana bayan gilashi tun 1972 da wani ya far masa da guduma. Hawa kubbar majami'ar kuwa ana biya, matakala 551 ne, in kin ƙara kuɗi lif ya rage miki, saura 320. Kar ki yarda da wannan ragin. Can sama bangon yana karkacewa, hanya ta matse, sai kin jingina gefe guda kina hawa.

Abin da ya fi burge ni ruwa ne. A tituna akwai famfunan ƙarfe masu zuba dare da rana, ruwan sanyi, na sha, ba ko sisi. In kin toshe bakin da yatsa sai ya yi tsiri ta wani ɗan rami a sama, ki sha ba kofi. A Jamus ki zauna gidan abinci, ruwan kwalba za a kawo miki a sa a lissafi. Amma Roma tana ramawa ta wani gefen: kofi a tsaye kuɗinsa daban, in kin zauna daban. Fantiyon ma, wani tsohon ginin ibada na Romawan da, wanda a baya ake shiga kyauta, tun 2023 sun sa kuɗi.

A wata ƙaramar coci, San Luwiji, zane guda uku na shahararren mai zane Karabajo suna cikin lungu mai duhu, fitila ba ta kamawa sai an jefa tsaba a akwati. Mutane suka yi cirko-cirko, kowa yana jiran wani ya jefa. Ummi ta karɓi Yuro 1 a hannun babanta ta zura, haske ya tashi, jama'a suka matso da wayoyinsu suka tare ta, ita da ta biya ba ta ga komai ba sai da babanta ya ɗora ta a wuya.

Hotunan na tura wa Auta, ki sa ya nuna wa Inna.