Boljoyin ɗin Hilux ya yi lako-lako: wanne za ka saya?

Wata Lahadi na ɗauko buhunan gero daga kasuwar Mai'adua zan wuce Katsina, na rage gudu zan hau ɗan tudun nan na kan titi a wani ƙauye, sai na ji ƙas! Tayar gaba ta hagu ta naɗe ta shige ƙarƙashin mota, hancin Hilux ɗin ya dafa ƙasa. Da a guje nake, da yanzu wani labarin ake yi. Sati uku kafin nan motar ta fara ƙwal-ƙwal in ta faɗa rami, na kai gareji, makanike ya gano boljoyin ne ya ci, ya ce, "Alhaji, ba sai ka sayi sabo ba, bari in matse maka shi." Ya kwance boljoyin ɗin, ya ɗora a kan ƙarfe, ya lallasa bakinsa da guduma. Ƙarar ta ɗauke, na ji daɗin na tsira da kuɗina.

Shi ya sa nake cewa a cire irin wannan gyaran daga lissafi tun farko. Boljoyin ƙwallon ƙarfe ne da ke juyawa cikin ɗan kofi mai giris, shi ya haɗa ƙafar taya da hannun da makanikai ke kira am. In ya ci, ƙwallon da mazauninsa ne suka zaizaye. Guduma, ko ɗigon walda, ko cusa guntun roba, ƙara kawai suke kashewa, zaizayar tana nan, ƙarfen ma ya ƙara rauni.

Kafin ka zaro kuɗi, ka tabbatar shi ne. A ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In akwai motsi, wani ya taka birki a sake girgizawa: in motsin ya ɓace, boris ne, in yana nan, boljoyin ne. In kuwa hagu da dama take wasa, a duba tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafar taya. Boljoyin biyu ne a kowace tayar gaba, ka leƙa da idonka ka ga na sama ne ko na ƙasa. A Hilux Vigo, wadda aka yi daga 2004 zuwa 2015, na ƙasa ne ke ɗauke da nauyin gaban mota, shi ne kuma wanda in ya fita taya ke naɗewa.

Na kamfanin Toyota, cikin kwalinsa, shi ya fi kowanne tsada kuma ya fi daɗewa. Motar da ke cin hanyar burji kullum da lodi ta cancance shi. Matsalarsa ɗaya, kwali ba shaida ba ne. Ana buga kwalin Toyota a zuba na jabu a ciki. Ka saya wurin wanda ka sani, wanda in kaya ya ba da matsala za ka iya komawa shagonsa.

Ni dai yanzu 555 nake sawa, na kamfanin Sankei na Japan. Kuɗinsa bai kai na Toyota ba, aikinsa kuwa ba ya ba da kunya. CTR na Koriya ta Kudu ma ba laifi. Amma 555 ɗin ya yi sunan da masu kwaikwayo suka bi shi, don haka ka riƙe shi a hannu kafin ka biya. Ka murɗa sandar da ke tsakiya: sabo na ƙwarai da ƙyar yake motsi, kuma in ya motsa sumul yake tafiya. Wanda ya langaɓe da ɗan yatsa ɗaya, ajiye musu kayansu. Ka matsa robar da ta rufe shi, ta kasance mai laushi da kauri, ba mai ƙyalli kamar leda ba. Robar nan ita ce ran boljoyin a ƙasarmu. Da ta tsage, rairayi da ƙurar hunturu sun shiga giris, su riƙa goge ƙwallon, damina ta zo ruwa ya ƙarasa shi. Ka duba ko ya zo da notinsa da ɗan fin ɗin kulle noti.

Na arha marar suna, wanda mai shago zai ce maka "wannan ma yana yi," na gwada sau ɗaya. Bai ga ƙarshen damina ba, na sake biyan kuɗin aiki.

Sai ɗan Beljiyam, wanda yawanci a jikin am ɗinsa ake sayar da shi, kamar yadda za ka tarar a Ƙofar Ruwa a Kano. Ƙarfen na asali ne, amma ba ka san tafiyar da ya riga ya yi ba. Inda yake da amfani shi ne in am ɗinka ya lanƙwashe ko raminsa ya buɗe. Tsofaffin Hilux da noti ake ɗaure musu boljoyin, kwancewa kawai za a yi a sa wani. Na Vigo kuwa danna shi ake yi cikin ramin am. In an sha fitar da shi da duka, ramin ya yi faɗi, ko na Toyota ka sa zai yi wasa. A nan sai ka sayi am lafiyayye, in boljoyin ɗin jikinsa ya saki ka danna masa sabo.

In ɗaya ya ci, ɗan'uwansa na ɗaya gefen ma ya kusa, tunda hanya ɗaya suka bi. In aljihu zai ɗauka, canza su tare. Ka nemi garejin da ke da injin dannawa, ka tsaya a kansu har a sa fin ɗin nan, kada a maye gurbinsa da ƙusa ko waya. Daga nan ka wuce wajen masu alaimen, wato masu saita tayoyi, a ranar, in ba haka ba tayoyin gaba za su cinye ta gefe ɗaya kafin ka ankara.