TryHackMe: ra'ayina ga mai son shiga aikin gwajin kutse

Na ɗauki watanni ina karatu a TryHackMe, dandalin koyon tsaron intanet da aka kafa a Birtaniya a 2018, kuma duk wanda ya tambaye ni ta ina zai soma, can nake tura shi.

Ba a barin mutum da kallon bidiyo kawai. Yawancin darussan ɗakuna ne, a ciki akwai kwamfutar da aka raunana da gangan, kuma an halatta maka ka kutsa mata. Ba sai ka girka Kali Linux (nau'in Linux da aka tanada don gwajin kutse) ba tukuna, domin AttackBox, kwamfutar gwaji ta dandalin, tana buɗewa a burauza da kayan aiki a shirye. Wanda yake da tasa kwamfutar kuma yana iya haɗa ta da ɗakunan ta manhajar OpenVPN.

Ɗakin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Blue. Za ka bincika wata tsohuwar Windows da Nmap, manhajar gano ƙofofin sadarwa da ke buɗe, ka tarar da ƙofa mai lamba 445 a buɗe, sannan ka shiga da manhajar kutse ta Metasploit ta raunin Windows da ake kira EternalBlue. Ta wannan rauni muguwar manhajar neman kuɗin fansa WannaCry ta bi a watan Mayu na 2017 ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya da dama, alhali Microsoft ta fitar da gyaransa tun watan Maris. Da na ga sauƙin shigar da idona, sai na fahimci dalilin da ma'aikatan tsaro ke ta naci a kan sabunta manhaja. Wallahi karatu kaɗai ba ya sa wa mutum wannan tsoron.

Kada ka tsallake manhajar karatu ta Pre Security don zumuɗin kutse. Wanda bai san yadda DNS da HTTP (ƙa'idojin da ke kai ka shafukan intanet) suke aiki ba, bai saba da umarnin Linux ba, zai ƙare da kwafo amsoshin wasu yana tara maki, kansa babu komai. Bayanta sai Jr Penetration Tester, inda ake koyon Burp Suite (manhajar gwada tsaron shafuka) da raunin shafukan intanet.

Sai dai kama tuta (wato gano ɓoyayyen rubutun da ke nuna ka kutsa) a ɗakin gwaji daban, aiki daban. Kamfani yana biyan mai gwajin kutse ne saboda rahotonsa: me ya gano, haɗarinsa ya kai ina, yaya za a toshe. Tun yanzu ka riƙa rubuta rahoto bayan kowane ɗaki, zai yi maka amfani ranar intabiyu. Kuma ba a taɓa na'urar kowa sai da izini a rubuce.

Da yawa suna farawa ne daga sashen sa ido kan hare-hare ko taimaka wa ma'aikata da matsalolin kwamfuta, shi ya sa manhajar karatu ta SOC Level 1, mai koyar da sa ido kan hare-hare, ta cancanci lokacinka. A takardun shaidar ƙwarewa, Security+ ko eJPT sun dace da mai farawa. OSCP kuwa, da jarabawarta ta kusan awa 24, sai ƙafa ta yi ƙwari.