Rapidleech: yana aiki har yanzu, amma ya tsufa

Tunda ana ta tambayata kan Rapidleech bari in faɗi abin da na gani da idona. Shi dai ɗan sikirif ne, wato ƴar ƙaramar manhaja da aka rubuta da yaren PHP, kyauta, ka ɗora shi a sabarka, kwamfutar da kake haya a intanet, ka liƙa masa linkin gidan ajiyar fayil irin su Mediafire ko 1fichier, sai sabar ta jawo fayil ɗin da nata intanet, kai kuma ka sauke daga wurinta duk lokacin da ka ga dama. Ko rumbun bayanai na MySQL ba ya nema, ka zuba foldarsa ka ba shi izinin rubutu, shikenan.

Abin da ya sa na maƙale masa shi ne katsewa. Duk wanda ya taɓa sauke fayil mai giga uku a linkin kyauta ya san takaicin, ka kai kashi 90 a ɗauke wuta ko netwok ya gudu, ka dawo a ce fara daga farko, ga data ta tafi ga dare ya raba. Da Rapidleech sabar ce ke shan wannan wahalar, cikin ƴan mintuna ta gama, ni kuma in ya katse min a wurina sai in ɗora daga inda na tsaya. Yana kuma iya tsinka babban fayil gida-gida ko ya warware matsattsen fayil na rar tun yana can, wallahi wannan kaɗai ya biya ni.

Amma don Allah kar wani ya ce maka yana rage cin data, ba ya ragewa, giga uku giga uku ce in za ta shigo wayarka. Inda kake samun sauƙi sai in daga wannan gidan ajiya za ka tura zuwa wancan ba tare da ya biyo ta kanka ba.

Matsalarsa tsufa. An gina shi ne a zamanin gidajen ajiya irin su Rapidshare da Megaupload, ita Megaupload hukumomin Amurka suka rufe ta a 2012, Rapidshare ta bi a 2015, Zippyshare ma ta rufe a 2023. Kowane gida da nasa fulogin, wato ɗan ƙarin da ke sa Rapidleech ya iya jawo fayil daga gidan, da sun ɗan canza shafinsu sai ya daina aiki sai an samu mai gyarawa, kafca kuwa, gwajin nan na tabbatar da cewa kai mutum ne, kai za ka cike da hannunka.

Ni na fara shi a hostin mai arha na haɗaka, inda mutane da yawa ke raba saba ɗaya, sati bai cika ba suka dakatar da ni wai ina cinye musu layi, dole na koma VPS, wato sabar haya da aka ware maka naka kason kai kaɗai. Kuma ka sa masa faswod tun ranar farko, in ka bar shi a buɗe wasu za su gano shi su cika maka saba da kayan da ba ka san asalinsu ba, kuma sunanka ne a kan sabar.

Yanzu aikin Google Drive da Mega duk rclone na mayar, wata manhaja ce ta kwashe fayil tsakanin gidajen ajiya, Rapidleech na bar shi ne don linkunan da rclone bai san su ba.