TP53 ko BRCA1: Wanne Ɗalibi Zai Ɗauka?

Ɗalibai sun ishe ni da tambayar ƙwayar gadon da za su yi bincike a kai. TP53 da BRCA1 dukansu suna kan kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 17, kuma suna hana ciwon daji.

TP53 gajeriya ce: yanki (exon) 11, tana samar da furotin mai amino asid (tubalan furotin) 393, don haka karanta jerin DNA ɗinta ba tsada. Wahalarta yawan rubuce-rubucen da aka yi a kanta, tun 1979 ake tono ta. Ga kuma makunni (promoter, sashen DNA da ke kunna ƙwayar gado) na biyu ɓoye a cikinta.

BRCA1 doguwa ce, amino asid 1863, tana cin kuɗi. Amma makunninta abin sha'awa ne: ita da maƙwabciyarta, ƙwayar gadon NBR2, suke raba shi, kuma sinadarin metil da ke manne wa DNA kan toshe shi a wasu kansar nono.

Mai ƙaramin aljihu ya ɗauki TP53. Mai tallafi da ke bibiyar kansar nono, BRCA1.