Fitilar iskar taya ta ƙi mutuwa a motarka ta lantarki: wace sensa za ka saya?

Kafin ka fitar da ko sisi, kalli yadda fitilar take yi. In ta kunnu ta tsaya cak, iska ce ta yi ƙasa, geji da famfo kawai kake buƙata. Da sanyin safiyar hunturu ma takan kunnu, domin iskar taya na sauka da kusan psi 1 (ma'aunin ƙarfin iskar taya) duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 5 zuwa 6. Amma in ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya bayan ka tayar da mota sannan ta tsaya a kunne, to na'urar da ke lura da iskar tayar ce da kanta, wadda ake kira TPMS, ta samu matsala.

Na'urar iri biyu ce. Wasu motoci, irin su Volkswagen ID.4, ba su da komai a cikin taya. Kwamfutar birki ce ke lura da yadda kowace taya ke juyawa. Mai irin wannan ya daidaita iska, ya shiga allon mota ya sake saiti, shi ke nan. Duk wanda ya ce zai sayar masa da sensa, kuɗinsa yake so. Sauran kuwa, kamar Tesla da Nissan Leaf, kowace taya na da 'yar sensa a gindin bawul, da batirinta a like, ba a canza shi. Yakan yi shekara 5 zuwa 10, in ya mutu sensar gaba ɗaya ta tafi.

Inda mutane suka fi asara shi ne yaren da sensar ke magana da motar. Yawancin motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka, inda doka ta wajabta na'urar tun 2007, suna amfani da zangon rediyo na 315 MHz, na Turai kuma 433 MHz. Tesla ta fita daban: tsofaffin Model 3 na kan 433, amma Model Y da Model 3 na wajen ƙarshen 2020 zuwa sama sun koma Bluetooth. A ido duk ɗaya suke. Ka saka ta 433 a motar Bluetooth, ko za ka yi yawo daga Kano zuwa Maraɗi ba za ta gan ta ba. Saboda haka da lambar shasi ake sayayya, ko a ciro tsohuwar a karanta lambar jikinta.

Sensar kamfani, wato orijina, ita ce mafi tsada kuma mafi kwanciyar hankali. Ga mai sabuwar Tesla ni ita zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba, tunda motar kan gane ta da kanta bayan 'yar tafiya da gudun da ya wuce kilomita 25 a awa.

Sai sensar gama-gari da ake shirya ta da wani ɗan injin saita sensa, irin Autel MX-Sensor ko Schrader EZ-sensor. Ta fi sauƙin kuɗi, kuma akwai wadda ke ɗaukar zangon 315 da 433 a jiki ɗaya. Dabarar da ta fi burge ni a nan ita ce ana iya kwafe lambar tsohuwar sensa a zuba cikin sabuwa, motar ba za ta ma san an canza ba. Wannan na da amfani ga Leaf, wadda sau da yawa sai an jona mata inji kafin ta karɓi sabuwar lamba. Sharaɗin dai shi ne bakaniken yana da injin kuma ya iya aiki da shi. Ka tambaye shi tun kafin a kwance taya: "Malam, da wane inji za ka shirya ta?" In ya fara kame-kame, ja motarka.

Ta gwanjo arha ce, amma batirin da ba ka san shekarunsa ba ka saya, kuma kuɗin kwance taya sau biyu zai cinye rangwamen. Ita kuwa mai kama da murfin bawul, wadda ake murɗawa daga waje, tana nuna iska a nata ƙaramin allon ko a waya, sai dai ba ta kashe fitilar motar, ga ta da saurin shiga aljihun yara.

Ɗaya za a canza ko duka huɗu? In mai faci ne ya fasa ta da ƙarfen ɓamɓare taya, abin da ke faruwa sosai, canza ɗayar. Haka in ruwan like huji ne ya toshe ta, tunda motocin lantarki da yawa ba sa zuwa da safaya sai kwalbar wannan ruwan. Wani lokaci wankewa ma ta isa. Amma in batir ne ya mutu a motar da ta haura shekara bakwai, sauran ukun na kan hanya. Ka haɗa aikin da ranar canza tayoyi, a biya kuɗin kwancewa sau ɗaya.

Wurin aikin ma sai an zaɓa. Batirin motar lantarki shimfiɗe yake a ƙarƙashinta, jak ɗin da aka kafa ba a gurbinsa ba zai iya jawo ɓarnar da ta ninka kuɗin sensa sau ɗari. Tsaya a kansu har su ɗaga, kuma a busa iska daidai da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba: psi 42 a yawancin Model 3, 36 a Leaf.