Kafin ka sayi tikitin Jamus don neman asalin dangi, ga inda kuɗi ke tafiya

Uwargida 'yar Ohio ce, kuma mutanen yankin nan da yawansu in ka tona sai ka tarar da jinin Jamusawa, ita kakan kakanta ne ya taso daga can wajen 1880 da 'yan kai. Duk shekara danginsu na taron zumunci a gasa nama a watse, to sai surukata ta ce ita fa tun ƙafa bata gaza ba tana so a yi taron a garin da tsohon ya fito. Kowa ya ce eh, kowa kuma ya juyo ya kalle ni wai ai na taɓa zaman karatu a Jamus, shikenan aka ɗora min kaya. Mu goma sha huɗu muka je harda ƙanena da ya taso daga Abuja. Tunda muka dawo mutum uku suka tambaye ni yanda muka yi, duk irina ne masu mata ko miji ko surukai 'yan asalin can, shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Abu na farko, dan Allah kar wanda ya biya kuɗin jirgi ko otal sai an san sunan ƙauyen. Ba ƙasar ba, ba jihar ba, ƙauyen. Cewa kakanmu Bajamushe ne daidai yake da mutum ya ce kakansa ɗan ƙasar Hausa ne a nemo masa gidansu, to a Katsina ko a Maraɗi? Jamus bata zama ƙasa ɗaya ba sai 1871, kafin nan Prussia ce da Bavaria da Baden da Württemberg da sauransu kowa da sarkinsa, kuma babu wani ofishi guda da aka tara sunayen haihuwa na ƙasa baki ɗaya, komai a garin da abun ya faru yake. Rajistar gwamnati ma, wadda suke kira Standesamt, sai 1874 ta fara a Prussia, sauran ƙasar 1876. Kafin nan kusan ko'ina littafin coci ne kawai, in ka cire yankin yammacin kogin Rhine da Faransawa suka shigo da rajista tun zamanin da suka riƙe shi. Sannan in takardar Amurka ta ce “Prussia” kar a yi saurin murna, bayan 1945 babban yankin gabas ya koma Poland da Rasha, Breslau ta zama Wrocław, Stettin ta zama Szczecin, Königsberg kuma Kaliningrad, kaga mutum zai iya sayen tikitin Frankfurt alhali garin kakansa yau a Poland yake.

To wane shafin intanet ne ya kamata a biya wa kuɗi? FamilySearch kyauta ne, da shi za a fara. Ancestry na kuɗi ne, amfaninsa babba shi ne takardun Amurka da kuma jerin fasinjojin tashar Hamburg na 1850 zuwa 1934, wanda ke nuna garin da mutum ya zauna a ƙarshe kafin ya hau jirgin ruwa, wata ɗaya ko biyu ya isa in aka zauna aka yi aikin, ban ga dalilin biyan na shekara ba. Sai biyun da ake yawan ruɗewa a kansu, Archion da Matricula. Archion hotunan littattafan cocin Furotesta ne galibi kuma biya ake, har na 'yan kwanaki suna saidawa, Matricula kuwa galibi na Katolika ne kuma kyauta. Wato sai ka san addinin tsohon kafin ka ciro kati. Kuma duk su biyun ba wai ka buga suna ya fito maka ba ne kamar Google, littafin kake buɗewa shafi shafi, in baka san ƙauyen ba babu abin da za su tsinana maka. Mu sunan ƙauyen namu ba a Jamus muka samo shi ba ma, a littafin jana'iza na wani ƙaramin cocin Lutheran a Ohio ne fasto ya rubuta inda aka haife shi, ƙauye ne a Württemberg, muka duba shi a Meyers, wani kundin sunayen garuruwa na 1912 da aka sa a intanet kyauta, don garuruwa masu suna irin su Neustadt da Hausen sun fi a ƙirga da yatsun hannu, in baka tantance ba sai ka kai dangi garin wasu.

Gwajin DNA kuwa, wan uwargida ya sayi har guda uku. Sakamako ya zo ya ce yana da jinin Jamusawa, abin da muka sani tun da. Jamusawan can ba su cika yin gwajin ba, saboda haka 'yan uwan da yake nuno maka duk Amurkawa ne irinka masu neman abin da kake nema. In don wannan tafiyar ce ni dai a ajiye kuɗin.

Inda zan ce a kashe kuɗin shi ne wajen mai bincike ɗan can, kuma dalili rubutu ne. Ina jin Jamusanci daidai gwargwado amma ranar da na buɗe littafin coci na 1850 wallahi ko harafi ɗaya ban gane ba, tsohon rubutun hannu ne da ake kira Kurrent, e ɗinsu kamar n, h ɗinsu kamar wata igiya, Bajamushen yau ma in bai koya ba baya iya karantawa. Ga kuma matsalar suna, gida ɗaya yara maza uku duk Johann ne, da suna na biyu ake kiransu, sannan a Amurka Müller ya koma Miller, Zimmermann ya koma Carpenter. Matar da muka ɗauka awa awa ake biyanta, mun ce ta fara da awa biyar ta kawo rahoto kafin mu ƙara, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka, kar a ba da kuɗi dunƙule. A Württemberg akwai wani alheri, tun 1808 coci ke ajiye rajistar iyali, shafi guda ga miji da mata da iyayensu da duk 'ya'yan, a gefen sunan namu tsohon an rubuta da ƙaramin rubutu cewa ya tafi Amurka. Wannan layin ɗaya shi ya tabbatar mana ba wani mai irin sunansa muke bi ba. In wanda ake nema na kusa kusa ne kuma a sani akwai doka, takardar haihuwa sai ta cika shekara 110 take zama ta kowa, ta aure 80, ta mutuwa 30, kafin nan sai ka nuna kai jininsa ne kai tsaye.

Ita kanta tafiyar hanya uku muka auna. Akwai kamfanonin da ke saida yawon neman asali a dunƙule, bas da otal da ɗan jagora, sun dace da dangin da ba mai jin yaren ko ɗaya kuma tsofaffi sun yi yawa, amma a karanta jadawalin da kyau, wanda aka turo mana kwana goma ne, tara a wuraren yawon buɗe ido, Heidelberg da Rothenburg da fadar Neuschwanstein da jirgin ruwa a Rhine, ƙauyen da aka zo dominsa rabin yini. A tambaye su ƙarara, binciken yana cikin kuɗin ko daban ne, waye zai kira cocin, awa nawa za a yi a ƙauyen. Hanya ta biyu ku yi komai da kanku, ita ta fi arha a takarda amma mutum ɗaya ne zai mutu a tsaye, kuma ku san cewa ƙauyen Jamus ba wurin da ake faɗawa ba sanarwa ba ne, coci a kulle, fasto ɗaya na riƙe da ƙauyuka uku ko huɗu, ofishinsa 'yan awanni yake buɗewa a sati, tsoffin littattafan ma sau da yawa an kwashe su zuwa babbar ma'ajiya a birni. Ta uku ita muka ɗauka kuma ita zan sake ɗauka, mu muka tsara jirgi da masauki, mai binciken nan muka biya ta kwana biyu ta raka mu. Ita ta rubuta wa ofishin coci wata uku kafin mu zo, ita ta nemo dattijon ƙungiyar tarihin garin, irin ƙungiyar da suke kira Heimatverein, kusan kowane gari akwai, kuma ita ta ce kar mu kuskura mu buga ƙofar masu irin sunan namu haka kawai, sai aka sa sanarwa a 'yar jaridar garin cewa ga wasu daga Amurka za su zo ranar kaza. Mutum shida suka fito, biyu daga ciki an tabbatar jikokin ƙanwar tsohon ne.

Abu ɗaya da ya kamata a faɗa wa tsofaffi tun a gida, kar su sa rai da kabari. A Jamus haya ake yi wa kabari, shekara 20 zuwa 30 galibi, in ba a sabunta ba a cire dutsen a sa wani. Surukata ta zo da furanni tun daga tasha, ban faɗa mata ba, laifina ne. Abin da ya fi yiwuwa a gani shi ne cocin, da dutsen da ake wa jarirai baftisma, da dutsen tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi mai ɗauke da sunayen dangi, in an yi sa'a kuma gidan.

Mota ko jirgin ƙasa? Mu duka muka yi. Tsakanin manyan birane ICE, wato jirgin ƙasa mai gudu, ya fi, a sayi tikiti da wuri. Akwai Deutschlandticket, tikitin wata na bas da ƙananan jiragen ƙasa a duk faɗin ƙasar, da ya fara a Yuro 49 a 2023 ya koma 58 a 2025, yana da daɗi amma baya shiga ICE, kuma rajista ce mai sabunta kanta duk wata, in baka soke kafin 10 ga wata ba za su ci na wata mai zuwa. Ga dangi tikitin jiha na yini ɗaya ya fi sauƙin sha'ani, mutum biyar a kan tikiti guda, ranakun aiki daga ƙarfe 9 na safe. Amma ƙauye sai mota, bas ɗin can ranar Lahadi sai ka yi ta hange. Mota mai kujera tara ita ce iyakar abin da lasin ɗin ƙaramar mota ke ja, mu motoci biyu muka ɗauka, kuma a faɗa musu tun wuri in otomatik ake so don masu giyar hannu sun fi yawa. Masauki kuma gidan haya na hutu mai kicin ya fi otal nesa ba kusa ba in an kai mutum goma, ballantana gare mu da naman alade ya cika abincin ƙauye, mun yi sayayya a kantin Turkawa a birni muka dafa abinmu. A tuna dai Lahadi shaguna a rufe suke, kuma a riƙe tsabar kuɗi.

Sai gidajen tarihin ƙaura guda biyu da kowa ke tambaya. Na Bremerhaven, tashar jiragen ruwan Bremen, an buɗe shi 2005 a tashar da mutum sama da miliyan 7 suka tashi, ana baka kati mai sunan wani da ya yi ƙaurar da gaske ka bi sawunsa daga bakin ruwa zuwa cikin jirgi har Ellis Island, tsibirin da ake tantance baƙi a New York a da, yara sun fi son wannan. BallinStadt a Hamburg an buɗe 2007 a wurin da kamfanin jiragen ruwa na HAPAG ya gina wa masu jiran jirgi masauki, ya fi sauƙin zuwa, jirgin cikin gari ne kawai zuwa Veddel. Kar a je Bremerhaven da tunanin za a ga sunan kaka a jerin fasinja, yawancin takardun Bremen tun 1875 aka fara zubar da su don rashin wurin ajiya, yaƙi ya cinye saura, abin da ya tsira galibi na 1920 zuwa 1939 ne. Namu ta Bremen ya tashi shi ya sa muka je, amma daga Stuttgart tafiyar yini ce sai an canza jirgin ƙasa a Bremen, in naku ta tashar Antwerp a Belgium ko Le Havre a Faransa ya bi kamar da yawan mutanen kudu maso yammacin Jamus, ɗaya ya isa ko ma a bar shi.

Mai fasfo ɗin Amurka baya buƙatar biza, amma mai tasowa daga gida kamar ƙanena sai bizar Schengen, Yuro 90, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma samun ranar ganawa ne aikin, a fara da nasa kafin na kowa. Mun je a watan Yuni, a arewacin Jamus magariba har kusan ƙarfe 10 na dare take kaiwa, ga tsada ga cunkoso, da zan sake Mayu ko Satumba zan zaɓa. Kuma da na cire ranar Neuschwanstein da 'yan matan suka dage a kai, awanni a mota don hoto, na ƙara kwana ɗaya a ƙauyen, don dattijuwar da ke riƙe da makullin cocin sai da za mu shiga mota ta ce wai akwai akwatin tsoffin wasiƙu daga Ohio a gidan yayarta, yayar kuma ta tafi asibiti sai washegari za ta dawo.