Dala dubu 43 na zuba a gidan da aka dafa ƙwaya a cikinsa

'Yan'uwa mazauna jihar Minesota ta Amurka, raina a ɓace yake, ku yi haƙuri idan maganar ta zo a hargitse.

Dala dubu 43. Gumin shekara tara ina jan babbar mota, har da adashin uwargida. Na ɗauka na miƙa wa mutumin nan a matsayin kuɗin farko na gida, sauran in riƙa biyansa kai tsaye duk wata, ba banki, ba riba. Abin da ya ja ni ke nan, gudun riba.

Har yanzu ina ganinsa tsaye a ƙofar kicin, ya dafa ƙirji yana cewa, "Alhaji, gidan nan ba shi da wani aibu, da ina da iyali ni zan zauna." Ya dafa ƙirji fa. Na kalli idonsa na yarda. Warin sabon fenti ya cika ko'ina, kafet sabo, na ce mutum ne mai gyara.

Kada wani ya ce min sakaci na yi. Na biya mai duba gida, ya hau rufi, ya duba wayoyin wuta da famfo. Gwajin ƙwaya ba ya cikin aikinsu sai ka nema daban, wa ya taɓa gaya min? Takardar bayanin gida ma na karanta ta layi-layi, ya sa hannu a gabana.

Maƙwabciyarmu ce ta faɗa wa uwargida cewa 'yan sanda sun taɓa zuwa gidan da fararen kaya da takunkumi suna fitar da robobi. A'a, kafin nan ma yaran sun fara tari da ciwon kai, tun da sanyi ya shigo muka kunna na'urar ɗumama gida. Mun ɗauka mura ce, sau uku ina kai ƙaramar asibiti. Ashe a ɗakin ƙasa aka riƙa dafa metamfetamin, wadda ake ce wa ais. Hayaƙinta yana kama bango da kafet da bututun iska, fenti rufe shi kawai yake yi. Maƙwabciyar ta ce ita da kanta ta gaya wa mutumin da ya sayar min tarihin gidan lokacin da yake fentin. Ya sani.

Mun sa an goge bango an kai ɗakin gwaji, sakamako ya tabbatar. Masu wankewa sun ce dala dubu 18, kafet da wani ɓangaren bango sai an cire. Dubu 18 a kan dubu 43. Yanzu muna ɗaki biyu a gidan wani ɗan'uwa, ni da na tara jama'a walimar sabon gida.

Lauya ta nuna min dokar jihar, sashe na 152.0275: dole mai sayarwa ya rubuta wa mai saye idan ya san an dafa wannan ƙwaya a wurin. In ya ɓoye, kuɗin wankewa da na lauya a wuyansa suke, kuma kana da shekara shida daga ranar kammala ciniki ka kai ƙara. Zan kai. Sunansa ba zan rubuta ba don lauya ta hana, amma hoton takardar da ya sa wa hannu da sakamakon gwajin zan ɗora su da zarar ta ba ni izini. Saƙonninsa na WhatsApp ma duk suna nan, har wanda yake ce min "ɗan'uwana".

Babu dokar tarayya da ta tilasta faɗa, kowace jiha da tata. Ku duba adireshi a rajistar DEA, wato hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, ko da yake wuraren da jami'an tsaro suka kai rahoto ne kawai a ciki. Ku tambayi maƙwabta, ku biya a yi gwajin kafin ku sa hannu.

Jiya na sake kiransa. Ya kashe waya.